Itacen da Na Ƙi Karɓa

Shekara kusan ashirin babana ya yi yana gaba da maƙwabcinmu a kan bishiya guda ɗaya, ni kuma na ɗauki gabar tun kafin in san dalilinta. Gidanmu a Dala yake, wata unguwa a babban birnin Borno, ɗaki uku da 'yar tsakar gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutumin. Shi Kanuri ne, ɗan gari tun kaka da kakanni, sana'arsa sayar da itacen girki. Mu kuma daga kudancin Borno muka zo, Kirista, Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati da ke GRA. A gidanmu ba a kiran sunan mutumin. Mai itace kawai ake cewa, da irin muryar da ake cewa ɓarawo.

Bishiyar darbejiya ce. Ina aji biyu na firamare Baba ya shigo da ita ɗaure a bayan kekensa, cikin 'yar baƙar leda, tsawonta bai kai gwiwata ba. A ranar an yi bikin dashen itatuwa a ofishinsu, ya dawo yana huci. Ya ce an share fili, an kafa rumfa, wani babba ya zo da mota, aka miƙa masa shebur mai sabon fenti, ya zuba ƙasa sau biyu, aka tafa, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Sauran dashen aka jibge su a rana a bayan ofis. Shi ne ya tsinci ɗaya. Ya ce wadda babban ya dasa ba za ta kai mako ba awaki za su cinye ta, kuma ko kwana huɗu ba ta yi ba.

Tsakar gidanmu ba wuri, don haka ya dasa ta a waje, daidai inda katangarmu ta haɗu da ta mai itace. Ya kewaye ta da ƙaya. Ya ɗora mini aikin ban ruwa, bokiti ɗaya da safe kafin makaranta, ɗaya da yamma. Ruwan ɗauraye kwanuka muke tarawa, wanda ba sabulu, kuma idan ya ga kumfa ko kaɗan a ciki ranar kunnuwana sun shiga uku.

Baba akawu ne mai karanta abin da yake kwafa. Takardun ma'aikatan gandun daji ta teburinsa suke bi, shi kuwa ba ya barin layi ya wuce bai haddace ba. Muna cin tuwo yana mana karatu. Ƙasar da aka sare wa itatuwa, in ji shi, kamar kai ne da aka aske aka zaunar a rana. Iska ta kwashe ƙasar kirki, ruwan sama in ya zo ya gudu bai shiga ba, rairayi ya matso daga arewa, damina ta gajarce. Daga baya ya fara kawo wani sabon karatu daga rediyo, wai hayaƙin injuna da motoci da wutar da duniya ke ƙonawa yana taruwa a sama yana riƙe zafi. Mama takan ce, "To Malam, ci tuwonka kafin shi ma ya riƙe sanyi." Ba ya dariya. Sai ya nuna katanga da hannu ya ce hayaƙin Turawa ba shi da yadda zai yi da shi, amma ga wanda yake aske mana daji a nan kusa da hancinsa.

Kuma ba ƙarya yake ba, wannan har yau ban janye ba. Da idona na ga motocin da ke kawo masa itace. Ina ƙarama direban kan tafi da safe ya dawo kafin azahar, maƙil da marke da baushe. Da na shiga sakandare sai ya wuni. Daga baya sai ya kwana biyu a hanya, itacen ma sirara, har da saiwoyi da aka tono. Duk ranar da mota ta sauke kaya Baba kan tsaya a ƙofa riƙe da kekensa yana kallo, haƙoransa a cije.

Da darbejiyar ta girma sai rigima ta fito fili. Da hantsi inuwarta tana ƙofarmu, amma daga azahar sai ta karkata gaba ɗaya wajen mai itace. Wata rana muka ga tabarmarsa a ƙarƙashinta. Bayan mako abokan hirarsa suka biyo shi, su wajen goma, da butocinsu. Nan suke hira da Kanuri, nan suke alwala, nan suke karyar 'yan rassa suna aswaki. Ni dai na tsani ganin gindin bishiyar kullum a jiƙe da ruwan wanke ƙafafunsu. In ina shara da gangan nake tura musu ƙura, in sun ce "'Yar akawu, sannu da aiki," in yi kamar da bango suke.

Ranar da abin ya fashe, Baba ya dawo daga ofis ya tarar an jingina tulin itace a jikin bishiyar. Ina tsaye a zaure ina ji.

Mai itace ya yi masa gaisuwar Kanuri ya ce, "Wushe, Akawu. An dawo lafiya?"

"Alhaji, kwashe wannan. Ba za ka tara min gawarwakin 'yan'uwanta a gindinta ba."

"Za a kwashe. Amma ka sani, Akawu, bishiya taka ce, inuwa kuwa ta hanya ce."

"Ku ne kuka cinye daji. Ku kuka jawo mana hamada har bakin gari. Shekara nawa rabon da a yi damina ta kirki?"

"Ruwa na Allah ne."

"Dajin ma na Allah ne, ka loda shi a mota."

Mai itace ya gyara zama, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai da shi ke nan. Ya ce, "Ni kaɗai na loda? Tuwon da za ka shiga ka ci yanzu da me aka dafa shi, da takardar ofis? Ka leƙa bayan gidajen manyanku a GRA ka ga inda nake sauke mota guda. Ka leƙa gidajen burodi. Ranar da kuka daina saya, ni ma na daina sara."

Washegari Baba ya tafi Kasuwar Kwastam ya dawo da risho. Ya dire shi a tsakar gida ya ce daga yau ko tsinke na mutumin nan kada ya ƙara shigo masa gida. Mu takwas ne a gidan har da 'ya'yan dangi da ke karatu. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon mutum takwas a kan risho ta san abin da aka ɗora wa Mama. Ta kwaɓa laka ta lulluɓe duwatsun murhunta ta bar ƙofa ɗaya, don wuta ta daina zuba ta gefe, itace uku ya yi aikin shida. Itacen kuwa ta kan katanga yake zuwa. In Baba ya fita, matar mai itace ta miƙo, Mama ta karɓa, kafin ya dawo an kwashe toka, risho na zaune a gaba da tukunyar miya a kai.

Ni na tona asirin, na faɗa wa Baba. Ina shekara goma sha uku, ina ganin kaina sojan Baba. Ranar bai ci abinci ba, ya kwana bai yi wa kowa magana ba. Mama ta same ni a bakin randa ta ce, "Kin ji daɗi?" Na ce ai ita ta karya doka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da ubanki kun iya wa'azi. Wata rana ke za ki tsaya gaban tukunya." Bayan kwana uku itace ya ci gaba da tsallako katanga, Baba kuma ya koyi yin tari a ƙofa kafin ya shigo.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta riƙa yin wasa da mutane, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta watsa shi. Kogin Ngadda da muke zuwa wanki ya koma rairayi, yara suna ƙwallo a tsakiyarsa. Masu kawo banda suka ce babban tafkin da ake kamo kifin ya ja baya, sai an yi doguwar tafiya kafin a ga ruwa. Famfon unguwa ya bushe, sai 'yan garuwa. In na kai wa Baba saƙo ofis ina ratsa GRA, in ga mai gadi riƙe da tiyo yana shayar da ciyawa a gidan da ko yaro ba ya wasa a kanta, in dawo Dala in tarar da mata sun jera bokitai tun asuba. Wannan haushin ma a kan mai itace nake sauke shi, don shi ne kusa.

Ko a lokacin Baba bai yafe wa bishiyar ba. Ya rage zuwa bokiti ɗaya, amma sai an zuba. Mama ta ce yara ba su yi wanka ba, ya ce yara za su iya zuwa makaranta da datti, bishiya ba ta da inda za ta je. Darbejiya uku suka mutu a layinmu cikin waɗannan shekaru. Tamu ko ganye ba ta zubar ba. Na riƙa yawo ina faɗa wa mutane cewa bokitina ne.

Na gama makaranta na zama malama. A aji nakan zana motar itace a allo, in zana rairayi yana binta a baya, in ce wa yara ga mai kashe ƙasa. Ba na faɗin suna, amma fuskar da nake gani a raina guda ɗaya ce. In na wuce shi a ƙofa yakan ce, "Malama, an taso?" Ban taɓa amsawa da fiye da gyaɗa kai ba.

Baba ya rasu cikin bazara, bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru, lokacin da kananzir ya ɓace daga gari, mutane suna wuni a layi su dawo da galan ba komai. Zafin shekarar ba a magana. Darbejiyoyin gari da yawa sun kamu da wata cuta, rassan sama suna bushewa, tamu ma ta taɓa ta kaɗan. Washegarin jana'iza dangi suka iso daga gida cike da mota, ga mutanen coci, ga abokan aikinsa. Maza suka zauna a waje ƙarƙashin bishiyar. Matan zumunta na cocinmu suka kafa manyan tukwane a tsakar gida suka ce a kawo wuta. Mama tana ɗaki cikin masu gaisuwa, ni ce babba, komai ni ake tambaya.

A unguwarmu, Musulmi da Kirista, in an yi rasuwa maƙwabta ba sa jira a roƙe su. Mai hatsi ya kawo hatsi, mai tabarma ya kawo tabarma, mai ruwa ya kawo ruwa. Ba a godiya mai tsawo, kuma ba a mayarwa. Ko wanda kuka yi shari'a da shi ya kawo, karɓa ake yi, don ba kai ya kawo wa ba, mamacin ya kawo wa. Na san wannan sarai tun ina yarinya.

Da hantsi sai ga mai itace. Ya tsufa a lokacin, gemunsa fari tas, amma shi da kansa ya turo kura cike da itace, bai aiko kowa ba. Marke ne busasshe, manyan faskare, irin wanda ya yi wuya a gari. Ya tsaya a ƙofa yana haki ya ce, "Malama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana. Ga wannan a hura wuta."

Na dubi itacen, na dubi kekunan mutanen da suka zo jingine inda Baba yake jingina nasa. Na ce, "Mayar da kayanka."

Ƙanin Baba ya miƙe daga tabarma ya ce, "'Yata, ba a mayar da kayan gaisuwa."

Na ce, "Baba ƙarami, ba za a dafa abincin makokin babana da abin da ya mutu yana tsine wa ba."

A gaban mutane sama da hamsin na faɗa. Mai itace bai motsa ba. Ya ce, "To da me za ku dafa, Malama?"

Na ce, "Muna da namu." Na nuna sama.

Busassun rassan nake nufi, Allah ya sani. Na kira 'yan'uwana da suka zo daga gida, manoma ne, hawa bishiya da adda ba komai ba ne a wurinsu. Suka sassaro busassun. Ko awa ɗaya ba su yi a ƙarƙashin tukwanen ba suka zama toka, shinkafa ko tafasa ba ta yi ba. Shugabar matan zumunta ta aiko a ƙaro. Na fito. Kurar tana nan inda ya bar ta, shi kuma yana zaune a bakin zaurensa yana kallona. Taku biyar ne tsakanina da kurar. Da na ce a shigo da ita, ba wanda zai ce mini komai, kowa ma daɗi zai ji. Amma yana kallona. Na ɗaga kai na ce wa na saman, "Ku ci gaba."

Da aka fara saran ɗanyen reshe, sai mai itace ya taso. Ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai ranar. Ya ce, "Malama, don girman Allah. Bar nawa, na ji. Ki aika kasuwa a sayo na wani. Kar ki taɓa ta."

Da zagina ya yi, wataƙila da na tsaya. Roƙon ne ya ƙara tunzura ni, don na ga abin yana masa zafi, kuma ina so ya yi masa zafi. Na ce, "Ta babana ce. Kai inuwa ce taka, je ka nemi wata."

Masu zaman makoki suka kwashe tabarmi suka matsa jikin katanga. Rassa suka ƙare, ɗaya daga cikin samarin ya tambaye ni ko a tsaya. Na ce a kawo gatari. Kafin la'asar bishiyar ta faɗi, ta tare layin gaba ɗaya. Na ji ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, kuma ba zan ɓoye ba, a wannan daƙiƙar daɗi na ji.

Ɗanyar darbejiya ba ta ci. Kowace mace ta san haka, ni ma na sani. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, mai ɗaci, mata suna tari suna hawaye, wuta tana kumfa a bakin itacen ta mutu. Shugabar matan ta fito ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta je jikin katanga ta yi sallama. Matar mai itace ta fara miƙo marke ɗaya bayan ɗaya, ta wurin nan dai da ta saba miƙo wa Mama. Da shi aka dafa abincin kwana ukun. Baƙi suka ci a cikin rana, suna kare kai da takardun waƙoƙin jana'iza, ba wanda ya dube ni.

A kwana na huɗu, da gida ya rage, Mama ta kira ni ɗakin Baba. Ɗakin gabas ne, da rassan ke rufe rufinsa, yanzu kwanon ya ɗauki zafi har ba a iya zama. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Shekara ashirin ubanki yana tsare ta daga mai gatari. Mai gatarin bai taɓa ta ba."

Na ce ai tsoron Baba yake ji.

Ta ce, "Ke har yanzu bokitinki kike tsammani ya fitar da ita daga fari? Bokiti ɗaya, ga bishiyar da ta fi gida tsawo? Mutum goma suna alwala a gindinta sau biyar a rana. Lokacin da ruwa ya yi wuya, shi ya hana su yi a ƙofar masallaci, ya ce kowa ya kawo butarsa nan."

Na ce, "Baba ya sani?"

"Ya hana su jingina itace. Ya hana su karyar aswaki. Kin taɓa jin ya hana su alwala?"

Na fita. Haushi nake ji, na Mama da ba ta faɗa mini tun da wuri ba, na Baba da ya bar ni ina tura wa mutane ƙura, na tsohon da ya yi abin kirki ba tare da ya ba ni damar ƙi ba. Haushin kaina sai daga baya ya iso, shi ne kuma bai tafi ba.

Majalisar ta watse. Mai itace ya mayar da tabarmarsa cikin zaure. Amma lokacin salla yakan fito da butarsa shi kaɗai, ya tsuguna a bakin kututturen cikin rana ya yi alwala. Darbejiya takan tofo in an sare ta, kowa ya faɗa mini haka don in ji sanyi. Wata safiya na ɗebi bokiti na fita, na tarar da ƙasar a jiƙe, shi kuma yana tsugune ya ba ni baya. Na ce, "Wushe, Baba." Karo na farko ke nan a rayuwata da na gaishe shi. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya ɗauki butarsa, ya shige gida.

Ba ta tofo ba. Ko cutar ce, ko zafin shekarar, ko yadda aka sare ta, ban sani ba. Damina ta zo ta wuce, ɓawon ya ɓare, gara ta fara shiga. Motocinsa suka ci gaba da zuwa daga nesa, mu ma muka ci gaba da saya ta kan katanga, ni da kaina nake karɓa, don Mama ta tsufa kuma ni ce a gaban tukunya. Na daina zana mota a allo. Nakan sa yara su kawo ruwan ɗauraya daga gida mu zuba wa dashen bayan aji, wasu sun kama, wasu awaki sun ci.

Da kututturen ya bushe ƙayau, Mama ta aika wa matarsa cewa ya sa a tone ya faskara ya sayar, itace ne mai yawa, kada gara ta cinye a banza. Ya aiko da cewa shi wannan ba ya sayarwa. Bai ƙara yi mini magana ba har ya rasu. Kututturen yana nan a ƙofa har muka bar gidan, ina kewaye shi safe da yamma in zan fita da in na dawo.